Ba Biki, Ba Ta'aziyya

Shekara ashirin da uku, Tanimu,
ba mu taɓa tayar da mota ba
sai an haihu, ko an ɗaura, ko an binne wani.
Da ka ce, "Hassatu, nemo takalmi ƙafa-ciki,"
sai na ce, "Wa ya rasu?"
Ka yi dariya har makulli ya suɓuce maka.

Mun bar Barnawa ana sallame asuba.
Ka kauce wa rami goma,
na sha ɗaya ya rama musu.
A Kachia ƙamshin citta ya shigo ta taga,
bai yi sallama ba, ya zauna tsakaninmu.
Mata sun baje ta a bakin titi tana shan rana,
wata ta ɗaga mana hannu
kamar ta san inda za mu. Mu kanmu ba mu gama sani ba.

Sai ga dutsen Kagoro,
ya kwanta kamar baƙin sa ya ƙoshi,
girgije ɗaya a tozonsa.

Yashim ne ya ja mu, yaro da silifas mai ɗinki.
Ka ce masa kana ɗalibi sau uku ka hau Kufena,
ya ce, "To, Baba."
Ba mu ci rabi ba gwiwa ta tona asiri.
Ka zauna, wai kana duba tsiro.
Wata tsohuwa ta zo ta wuce,
buhun masara a ka, tana hawa tana ƙirga wani abu da yatsu.
Ta dube mu ta ce, "Sannunku da hutawa."
Ban yi dariya ba. Allah ya gani na so.

Ni na miƙo maka hannu a wurin da dutsen ya yi santsi.
Ka kama.
Tafin ya yi kaushi fiye da yadda na sani,
ko kuwa ni ce na daɗe ban tambaya ba.

A sama akwai gonaki, akwai kaji,
akwai hayaƙin girkin wani gida.
Ashe abin da muka zo kallo
hanyar kasuwar wasu ce.
Waya ta ɗauke, ba mai nemanka, ba mai nemana.
Can ƙasa rufin kwano na ƙyalli
kamar an watsa ƙwandaloli a ciyawa.
Muka yi shiru, irin wanda ba na faɗa ba.
Iska ta zame mini ɗankwali,
ka ce, "Ashe kina da furfura a nan."
Na ce, "Tun bara waccan."
Ka daɗe kana kallonta.

Azahar ta same mu a kan fa.
Yashim, da gicciyensa na zare a wuya,
shi ya nuna mana gabas,
ya koma gefe yana kore mana akuya.

Saukowa ta fi hawa cin ƙafa.
A Kafanchan muka sha gwaten acca a wata rumfa,
yaji ya sa ka hawaye, ka ce hayaƙi ne.
Muka leƙa tsohuwar tashar jirgi,
ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa,
wani dattijo ya ce nan ya fara ganin matarsa,
tana sayar da lemo.
Ba mu tambaye shi ko tana raye ba.

Matsirga muka bar wa wata rana,
la'asar ta yi, hanyar ba ta dare ba ce.
Kwalbar zuma ɗaya, citta mudu biyu,
kai kana tuƙi kana ɗingishi a zaune.

Da muka iso, Nusaiba ta ce, "Wurin wa kuka je?"
Na rasa sunan da zan kira.
Na cire takalmi, tsakuwa ta faɗo,
ja, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba.
Ita ke sukata tun daga sama.

Tana nan kan taga.
Kada ka share ta.